Kayan Samsung a kasuwar Accra: wanda ya ci kuɗinsa da wanda zai wahalar da kai

A Tip Toe Lane da ke Circle, da shagunan kayan wuta na Opera Square, har teburan masu gyaran waya na bakin titin Nima, ba sunan da mai sayarwa ke ambata da gadara kamar Samsung. Zai miƙo maka kaya ya ce, "Alhaji, Samsung ce fa," kamar ciniki ya ƙare ke nan. Alhali kamfanin yana yin kaya tun daga 'yar wayar talaka har firij mai ƙofa huɗu, kuma ba duka ne ajinsu ɗaya ba. A garin nan abin da ke raba kayan da zai shekara goma da wanda zai mutu kafin babbar sallah shi ne ajinsa, da ƙasar da aka ƙera shi dominta, da irin wutar da zai sha a gidanka.

Asalin gidan ba na kayan wuta ba ne. Lee Byung-chul ya buɗe shi a 1938 a garin Daegu na Koriya, yana fataucin busasshen kifi da taliya da kayan masarufi. Sai a 1969 aka kafa reshen lantarki, kuma talabijin ɗinsu na farko, mai baƙi da fari, ya fito a 1970 da taimakon Sanyo ta Japan. Shekarun da dattawanmu ke sayen rediyon National da Sony, Samsung kayan araha ne da ba a yi masa kallon arziki.

Abin da ya ɗaga su ba a shago ake ganinsa ba. A 1974 suka sayi kamfanin Korea Semiconductor, a 1983 suka zuba dukiya a ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, kafin tsakiyar shekarun 1990 sun wuce Japanawa a wannan fanni. Lee Kun-hee, ɗan mai gidan da ya gaje shi a 1987, ya tara manyan ma'aikata a Frankfurt ta Jamus a 1993 ya ce su canja komai in ban da mata da 'ya'ya. A 1995 ya sa aka tara wayoyi da wasu na'urori masu aibi kimanin 150,000 a harabar masana'antar Gumi, aka farfasa aka cinna musu wuta ma'aikata na kallo. Daga 2006 suka zama na ɗaya a duniya wajen sayar da talabijin, Galaxy S ta fito a 2010, a 2012 suka ture Nokia daga kan gaba wajen sayar da waya.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne: Samsung da kanta take yin sikirin da ƙwaƙwalwar ajiya, har Apple ma a wurinta ta sayi sikirin ɗin iPhone X a 2017. Saboda haka kayan da ƙarfinsu ke kan sikirin da memori, wato wayoyin tsakiya zuwa sama da talabijin masu kyau, a nan hannunta ya fi nuna. Inda kaya ya zama roba da fanka da injin juyawa kawai, ba ta fi Midea ko Hisense da wani abin a zo a gani ba, sai dai suna.

Mu fara da waya, tunda ita ta fi yawa a hannun jama'a.

Layin A shi ne na yawancinmu, ya haɗiye tsohon layin J tun 2019. Lambar farko ita ce aji, ta biyu zubi. A05 da A06 su ne na ƙasa: sikirin ɗinsu LCD ne, injinsu mai sanyin jiki, kuma wasu irinsu kamfanonin Sin ne ke haɗa wa Samsung da kwangila. A wannan farashi Tecno da Infinix kan ba ka memori mafi yawa da caji mafi sauri, shi ya sa gidan Transsion, mai Tecno da Infinix ɗin, ya riƙe kasuwar Afirka. Mai neman waya don kira da WhatsApp da MoMo kawai ba ya buƙatar biyan kuɗin suna a nan. Daga A15 zuwa sama labari ya canja, don sikirin ya koma AMOLED, wanda ake iya karantawa cikin rana tsaka a tashar Nima ba tare da an kare shi da hannu ba. A16 ta zo da alkawarin shekara 6 na sabunta manhaja, S24 ta 2024 kuma shekara 7. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke ajiye kuɗi a waya, domin manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsohuwar Android. A ganinmu A3 da A5 na kowace shekara, irin su A35 da A55, su ne inda kuɗi ya fi cin kansa: kyamara mai kyau, jiki mai hana ruwa, batir 5,000mAh.

Layin S da masu naɗewa, Fold da ta fara a 2019 da Flip da ta biyo baya a 2020, kaya ne masu kyau amma gyaransu na masu hali ne. Mai naɗewa ba ta son ƙura ko kaɗan, kuma ƙurar hunturu ba ta neman izini kafin ta shiga maƙalar. Tun daga S21 babu wurin saka katin memori, babu kuma kan caja a kwali. Yawancin sababbin A ma waya da igiya kawai za ka tarar. Ka nemi kan caja mai 25W na gaske, mai bakin USB-C. Na jabu yakan sa sikirin ya riƙa taɓa kansa lokacin caji, a hankali kuma ya kashe ƙaramin bod ɗin caji da ke ƙasan wayar.

Raunin AMOLED biyu ne. Idan hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, kamar madannan rubutu ko alamomin TikTok, inuwarsa takan zauna daram. Sannan akwai koren layin nan da ke tsagowa daga sama zuwa ƙasa, wanda ba ya gyaruwa sai an canja sikirin gaba ɗaya. Sikirin na asali ga tsohuwar S yakan kusa kai kuɗin wayar kanta a kasuwar na-hannu. A nan ne masu gyara ke kawo na araha da suke kira "insel": LCD ne aka yi masa siffar AMOLED, ya fi kauri, ya fi shan batir, kuma na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin gilashi ba ta aiki da shi. Ka tambayi mai gyara wanne zai saka kafin ya buɗe, ka kuma sani duk wayar da aka buɗe ta rabu da hana ruwa, ko da an mayar da gam.

Sayen ta hannu a Circle yana da ƙa'ida, kuma duk mai sayarwar da ya hana ka waɗannan gwaje-gwaje ya riga ya ba ka amsa. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, da ta jikin kwali ko bayan waya. Danna *#0*#, allon gwaji zai fito; ka taɓa ja, kore, shuɗi ɗaya bayan ɗaya ka duba tabo da inuwa, ka bi layukan gwajin taɓawa har kusurwoyi, ka gwada lasifika da girgiza. Wayar jabu galibi ba ta buɗe wannan allo. Sai ka shiga bayanin waya ka duba harafin ƙarshen lambar samfuri. F, ko B, ko E, na kasuwannin duniya ne, in da DS a ƙarshe layi biyu take ɗauka. U ta kamfanonin sadarwar Amurka ce, tana iya zuwa a kulle, kuma ƙananansu wani lokaci ba su da zangon 800MHz da MTN da Telecel ke amfani da shi wajen 4G, sai ka ga intanet na jan ƙafa a cikin ɗaki. N ta Koriya ce, kyamararta ba ta yin shiru in ana ɗaukar hoto.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. A gabanka mai kaya zai fita daga asusun Google da na Samsung, a goge wayar, ka saka layinka, ka kunna data, ka bi saitin farko har ka isa fuskar waya. In ta nemi tsohon asusu, a kulle take. In kuwa ta nuna saƙon biyan kuɗi, to wayar bashi ce, irin da ake biya kullum ko mako-mako, wani ya karɓa ya sayar bai gama biya ba. Makullin Knox na Samsung ne a kanta, kuma ba a cikin wayar kaɗai yake ba, yana rajiste a wurin kamfani. Yaran da ke cewa za su yi mata "filashin" suna ɓoye shi ne na ɗan lokaci, ranar da aka sake goge ta ko ta sabunta manhaja ya dawo.

Kada rubutun ƙasar ƙira ya ruɗe ka. Yawancin wayoyin Samsung a Biyetnam da Indiya ake haɗa su, ta rufe masana'antar wayarta ta ƙarshe a Sin tun 2019. Talabijin kuma akwai masana'anta a Beni Suef ta Masar. Wanda ya ce maka sai mai rubutun Koriya ce ta asali, ciniki yake nema.

Ana yawan tuna mana da Note 7 ta 2016 da ta riƙa kamawa da wuta har aka janye ta cikin wata biyu. Laifin batir ne daga masu kawo kaya guda biyu: na farko kusurwarsa ta matse, na biyu waldarsa ta huda takardar da ke raba ɓangarorin ciki. Wannan ya wuce. Haɗarin da ke gabanmu yau shi ne batirin canji marar suna. In ka ga bayan waya ya fara ɗagowa, batir ya kumbura, a daina caji a cire shi.

Talabijin ma lambarsa tana faɗin asalinsa. Ɗauki UA43DU7000: UA na Afirka da Asiya ne, 43 inci ne, D shekarar 2024, U kuma 4K. Haruffan shekaru su ne N 2018, R 2019, T 2020, A 2021, B 2022, C 2023. Da wannan kaɗai za ka kama mai sayar maka da tsohon zubi a matsayin sabo. UE na Turai ne, yawanci yana aiki a nan. UN na Amurka ne, kuma shi ne wanda 'yan'uwa ke sakowa a kwantena daga Bronx da kyakkyawar niyya: ba ya kama tashoshin DVB-T2 na Ghana sai da dikoda, kuma da yawansu wutar 120V suke sha, tamu kuwa 230V ce. A duba takardar bayansa kafin a soka a bango.

Hoton Samsung yana da kyau, musamman QLED, kuma manhajar Tizen da suke sakawa tun 2015 tana da sauƙi. Sai dai ba Android ba ce, ba za ka iya ɗora duk manhajar da ka ga dama ba, masu kallon ƙwallo ta intanet su lura da wannan. Ƙananan samfura kuma sautinsu siriri ne.

Cutar da ta fi kawo su wurin masu gyara a Zongo Lane ita ce sauti na fita, hoto babu. Ka haska tocila dab da gilashi. In ka hango hoto dishi-dishi, fitilun baya ne suka ƙone, gilashin lafiya lau. Fitilun a jere suke kamar carbi, ɗaya ya mutu sahu duka ya ɗauke. Sirara masu fitila a gefe ɗaya sun fi saurin wannan, don zafi yana taruwa wuri guda, wani lokaci har ya ƙona farantin da ke watsa haske, ka ga duhu ko tabo a ƙasan hoto. Gyaran kirki shi ne a canja sahun fitilun duka. Canja ƙwaya ɗaya jinkirta dawowa ne kawai. Rigakafin kuwa kyauta ne: a fitar da shi daga yanayin hoto mai tsananin haske da ake nunawa a shago, a rage hasken baya zuwa wajen kashi 60 ko 70 cikin ɗari. In jar fitilar gaba tana ƙiftawa ya ƙi tashi, a fara duba bod ɗin wuta da kafasitocinsa. Tsawa kuma ba ta soket kaɗai take shiga ba, takan biyo igiyar dish ta ratsa dikoda ta ƙona bakin HDMI. Lokacin ruwan Mayu da Yuni, in hadari ya haɗu, a zare igiyar dish tare da ta wuta.

Firij shi ne inda muke da sharaɗi. Kwamfuresan inbata na Samsung ba ya kashewa ya kunna kamar na da, rage gudu yake yi ya ƙara, shi ya sa ba shi da ƙara kuma mitar firifed ba ta gudu sosai. Amma bod ne ke tuƙa shi, kuma bod ba ya jure wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Wanda ya ga shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta, ya san yawan kayan da suka tafi ta wannan hanya. Garantin shekara 10 ko 20 da ke manne a ƙofa na kwamfuresa ne kaɗai, bai haɗa da bod ba, kuma sau da yawa bai haɗa da kuɗin aiki da gas ba. Don haka kuɗin firij bai cika ba sai an haɗa da na'urar kariya mai jinkirta wuta minti 3 zuwa 5. A layin da wuta ke yin ƙasa da yamma, sitabilaiza ake buƙata, don na'urar kariya yanke wuta kawai take yi, ba ta ɗaga ta.

A takardar bayanai akwai ajin yanayi. T yana jure zafin ɗaki har digiri 43, ST har 38, N da SN kuwa 32 ne iyakarsu. Na Turai da ake kira "hom yus" galibi N ko SN ne, shi ya sa a ɗakin kwano a Maamobi cikin watan Maris suke aiki ba hutu kuma ruwa bai yi sanyi ba. Tun 2013 ma Ghana ta hana shigo da firij na hannu. Sabo na halal yana ɗauke da takardar rawaya mai taurari ta Hukumar Makamashi, yawan taurari ƙarancin cin wuta.

Mai hana ƙanƙara taruwa yana da tasa matsalar: sama na daskarewa, ƙasa ba sanyi. Kusan kullum ba gas ba ne. Hita ko na'urar jin sanyi ko fiyus ɗin narkarwa ne ya mutu, ƙanƙara ta toshe hanyar iska ta kama fanka. In an kashe shi yini guda ƙofa a buɗe ya dawo daidai, bayan mako ɗaya ko biyu ya koma, to an tabbatar. Mai gyaran da ya fara da "sai an ƙara gas" bai duba ba. Gas ɗin R600a ne, yana kamawa da wuta, kuma awonsa 'yan giram ne da aka rubuta a jiki, da sikeli ake zuba shi. Ga Hajiya mai sayar da sobolo da ruwan leda da ƙanƙara, firij ɗin Samsung mai ƙofa biyu ba nata ba ne. Firiza mai buɗewa ta sama, marar bod, ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta kuma kowane mai gyara ya san ta.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa rabin ingancinta a hannun mai ɗaurawa yake. Doki 1 daidai yake da BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyaya ne), doki 1.5 BTU 12,000, doki 2 kuma 18,000. Ɗakin kwana madaidaici 1.5 ya ishe shi in ba rana ke dukan bangon ba. Dole a zuƙe iskar cikin bututu da famfon zuƙa na aƙalla minti 15 kafin a saki gas. Masu gaggawa sukan ɗan saki gas ya kore iskar, danshi ya zauna a ciki ya lalata man kwamfuresa a hankali. Samfurin WindFree, mai fitar da sanyi ta ƙananan huji, yana da daɗi ga jarirai da tsofaffi, amma hujin suna kama ƙura. A wanke raga duk mako biyu a hunturu. Mazauna kusa da teku, Chorkor ko La ko Teshie, su riƙa wanke na waje da ruwan daɗi, don iskar gishiri tana cin farantansa.

Injin wanki mai ƙofa a gaba yana wanki fes, in akwai ruwa mai ƙarfi. Yana son matsin ruwan da bai gaza rabin "bar" ba, wato tankin ruwa ya ɗara injin da kimanin mita 5. A gidan haya mai tanki a kan ɗan dandamali, zai riƙa nuna 4C ko 4E, ma'ana ruwa bai ishe shi ba, sai an saka famfon ƙara ƙarfi. 5C ko 5E kuma ruwa ne ya ƙi fita, a buɗe matatar da ke ƙasa ta gaba, yawanci tsabar kuɗi ko fil ɗin mayafi za a tarar. Inda ake ɗiban ruwa da galan, mai tukunya biyu ya fi, da bokiti ake cika shi.

Wasu kayan sunan kawai ya rage. Samsung ta sayar wa Seagate sashen "hard disk" na kwamfuta a 2011, ta sayar wa HP sashen firinta a 2017, ta kuma daina kyamarorin hannu. Tawadar tsohuwar firintarta yanzu ta hannun HP take fitowa. A 2017 ɗin ta sayi Harman, don haka lasifikar JBL ta gidan ce, in ta gaske ce.

Katin memori da filashinta suna cikin mafi kyau a duniya, kuma suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Kati mai rubutun 256GB da ake sayarwa a tire da kuɗin kati 32GB zai nuna cikakken girma a waya, ya karɓi hotuna, sai ya wuce ainihin cikinsa ya fara taka na farko, ranar da ka nemi bidiyon ɗaurin aure ka tarar ba ya buɗewa. A gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin a zuba masa abin da ake ji da shi.

Sabon kaya kuma a saye shi inda za a ba da rasit mai ɗauke da lambar IMEI ko lambar jikin na'ura, da katin garanti mai tambarin shago. Electroland na cikin manyan dilolin Samsung a Ghana, kuma kayan da suka shigo ta hannun dilan hukuma su ne cibiyar gyara ke karɓa ba gardama. Wanda aka sayo daga Dubai ko Amurka garantinsa na can ne. Rubutun rasit na inji yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin nan, a ɗauke shi hoto ranar da aka saya.